Murɗewar hanji: abin da hoto ke nunawa, da lokacin da ba a jiransa

Ciki yana murɗa, ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, ga shi babu bayan gida, ko iska ba ta fita. Idan waɗannan suka haɗu a jikin mutum ɗaya, likita zai ce hanji ya toshe. Faɗin haka bai gama aiki ba, domin toshewar hanji ba cuta ɗaya ba ce. Wani ƙaba ce ta sauko ta maƙale, wani tabon tsohuwar tiyata ne ya manne masa hanji, wani ƙari ne ya tsiro ya cika hanya. Wasu daga ciki suna ɗaga wa mutum ƙafa: a saka robar hanci a zuƙe ciki, a ɗaura ruwa, a sa ido kwana ɗaya ko biyu, sai hanji ya buɗe da kansa. Murɗewa ba ta ɗaga ƙafa. Shi ya sa aikin farko da ake ɗora wa hoto shi ne ya ware ta daga sauran.

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gyaran kayan cikin rago ranar Layya ya san hanji ba a sake yake ba. Akwai wani tantani mai kitse da ke riƙe da shi, jijiyoyin jini a shimfiɗe a cikinsa. Haka abin yake a jikin ɗan Adam. Ƙaramin hanji mai tsawon mita 6 ko kusa da haka, da wasu sassan babban hanji, suna rataye ne a jikin wannan tantani, kuma ta nan jini ke zuwa musu ya koma. Idan wani lanƙwasan hanji ya juya a kan gindin tantaninsa, rabin zagaye ya isa ya toshe hanya. Idan ya cika zagaye guda, jijiyoyi ma sun shaƙe. Masu mayar da jini su ke fara rufewa saboda sun fi laushi, sai bangon hanji ya kumbura ya yi duhu, daga baya masu kawo jini su ma su tsaya. Ga kuma wata masifa: lanƙwasan ya rufe ta gaba da ta baya, iska da ruwa suna taruwa a ciki babu mafita. Ƙarshen hanyar shi ne hanji ya ruɓe, ya fashe, ƙazanta ta malale cikin ciki.

Wurin da ya fi murɗewa a manya shi ne ƙarshen babban hanji, lanƙwasan da ke mara ta hagu kafin a isa dubura, wanda likitoci ke kira sigmoyid. A Turai da Amurka wannan ƙaramin kaso ne na toshewar hanji, kuma ya fi kama tsofaffi tukuf, masu daɗaɗɗen taurin bayan gida ko waɗanda ciwo ya kwantar. A faɗin Afirka, daga Habasha da Yuganda har ƙasashenmu na yamma, da Turkiyya, Iran, Indiya da tsaunukan Boliviya da Peru, labarin daban ne. Nan yana cikin manyan dalilan toshewar babban hanji, kuma magidanta maza masu ƙarfinsu yake kamawa, 'yan shekara 40 zuwa 60. Ana danganta hakan da doguwar sigmoyid mai siririn gindi da kuma abinci mai yawan dusa da harza da ke cika ta ya yi mata nauyi. A Brazil kuwa cutar Chagas ce ke buɗa hanji har ya kai ga juyawa. Saboda haka likitan da ke aiki a Katsina ko Maraɗi zai ci karo da wannan cuta fiye da takwaransa na Landan, alhali littattafan da dukansu suka karanta an rubuta yawancinsu ne a inda cutar ba ta da yawa, na'urori kuma suna da yawa.

Hoton farko, wanda kusan kowane babban asibitin gwamnati ke iya ɗauka, shi ne eksire. Tun 1895 da Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Jamus ake amfani da shi, kuma har yau bai tsufa ba a wannan fage. Dalili kuwa shi ne iska tana fitowa baƙa a hoton, hanjin da ya toshe kuma cike yake da iska, don haka shi da kansa yake zana siffarsa. Ana ɗaukar hoton ciki mutum na kwance, a ƙara da na tsaye, a haɗa da hoton ƙirji shi ma a tsaye. Na ƙirjin ba don huhu ba ne. Idan hanji ya riga ya huje, iskar da ta tsere za ta hau sama ta taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ta fito kamar siririn baƙin layi a saman hanta. Wanda aka ga masa wannan, magana ta ƙare, ɗakin tiyata za a nufa.

Mai karanta hoto yana fara tambayar kansa ne: wane hanji ya buɗe? Akwai ma'auni mai sauƙin riƙewa. Ƙaramin hanji bai kamata ya wuce santimita 3 a faɗi ba, babban hanji 6, sai kuma sikum, wato jakar da babban hanji ke farawa da ita a mara ta dama inda afendis yake, ita 9. Ƙaramin hanji yana zama tsakiyar ciki, layukan cikinsa suna ratsa shi daga bango zuwa bango. Babban hanji yana bin gefe, nasa layukan kuma ba sa kaiwa ɗaya bangon.

Idan sigmoyid ce ta murɗe, sai a ga wani ƙaton lanƙwasa ya taso daga mara ya yi sama, wani lokaci har ya kai ƙarƙashin haƙarƙari ya haye inuwar hanta. Bangonsa sumul yake, babu layukan da aka saba gani. Ƙafafunsa biyu sun haɗu a tsakiya sun yi farin layi mai kauri da ke gangarawa zuwa inda murɗin yake. Littattafai suna kwatanta shi da ƙwayar kofi, amma wanda ya saba da goro zai fi saurin gane shi: ƙwaya ce guda mai ɓari biyu da tsaga a tsakani. Sau da yawa kuma dubura fayau take, babu iska. Idan wannan siffa ta fito sarai a jikin magidancin da cikinsa ya kumbura kamar zai fashe amma hannu bai same shi da tauri ba, ƙwararren likita ba ya buƙatar wani hoto kafin ya fara aiki.

Matsalar ita ce siffar ba kullum take fitowa sarai ba. A wani kaso mai yawa na marasa lafiya, hoton yana nuna hanji ya buɗe ne kawai, bai faɗi dalili ba. Idan lanƙwasan ya cika da ruwa maimakon iska, ba zai zana kansa ba. Idan sauran hanjin da ke bayansa duk sun kumbura, sai su rufe shi. Akwai kuma yanayin da babban hanji ke buɗewa ya daina motsi ba tare da wani abu ya toshe shi ba, kamar a jikin wanda gishirin jininsa ya rikice ko wanda ya daɗe a kwance, kuma hotonsa na iya kama da na murɗewa. Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne eksire ba ya iya cewa hanjin nan yana da rai ko ya mutu, sai fa in abin ya yi nisa ƙwarai.

Bambance murɗewar sigmoyid da ta sikum ba gwanintar karatu ba ce kawai, domin maganinsu ya sha bamban. Sikum idan ta juya takan bar mazauninta a dama ta ƙasa ta koma tsakiyar ciki ko hagu ta sama. Siffarta ta fi kama da ta ƙoda, layukan bangonta sukan kasance suna nan ba su ɓace ba, ƙaramin hanji ya kumbura a bayanta, sauran babban hanji kuma ya lafe babu iska. Ta fi samun mata da masu ƙarancin shekaru. Ita ba a cika samun nasarar warware ta ta dubura ba, fiɗa ake yi. Sigmoyid kuwa, muddin hanjin na da rai, ana iya zura bututu mai fitila ta dubura a bi a hankali har inda murɗin yake, wanda yawanci bai wuce santimita 15 zuwa 25 daga baki ba, a wuce da roba mai laushi, iska da ruwa su fito da ƙarfi, ciki ya sace nan take. Wani likitan Norway mai suna Bruusgaard ne ya yaɗa wannan dabara a 1947, kuma tana yin aiki a mafi yawan waɗanda aka gwada wa. Wanda ya karanta hoto ya ɗauki sikum a matsayin sigmoyid zai ɓata awanni yana neman murɗin da bututunsa ba zai taɓa kaiwa ba.

Da can, idan eksire ya bar shakka, sai a ɗura ruwan da ke haskawa a hoto ta dubura a bi shi da kallo. Inda hanji ya murɗe, ruwan yana tsukewa ya ƙare da tsini kamar bakin tsuntsu. Har yanzu dabara ce mai amfani a inda babu abin da ya fi ta, da sharaɗi biyu: kada a yi wa wanda ake zargin hanjinsa ya ruɓe ko ya huje, kuma a zaɓi ruwan da jiki ke iya shanyewa, domin farin ruwan hoto da ake kira bariyom idan ya zuba cikin ciki ta wata huda yana haddasa kumburi mai kisa.

Na'urar siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan mara lafiya a Landan a 1971, ita ta sauya fagen gaba ɗaya. Tana yanka jiki falle-falle a hoto, don haka ba inuwar iska kaɗai take nunawa ba. Tana nuna tantanin kansa, da kitsensa da jijiyoyinsa, sun nannaɗe a wuri guda kamar guguwa. Wannan alama, wadda aka fara bayyanawa a 1981, murɗin ne kansa ake kallo ido da ido. Inda guguwar take yana faɗin wane hanji ne: a hagu ko tsakiya ta ƙasa, sigmoyid, a dama, galibi sikum. Ana ganin wurare biyu da hanji ya tsuke kusa da juna, shaidar cewa lanƙwasan a rufe yake gaba da baya. Idan kuma ƙari ne ya toshe hanya ba murɗi ba, shi ma zai bayyana, a huta da zura bututu a banza.

Babban abin da siti-sikan ya fi eksire da shi shi ne maganar rai da mutuwar hanji. Ana yi wa mutum allurar ruwan hoto ta jijiya. Bangon hanjin da jini ke isa gare shi zai yi haske, wanda jini ya yanke masa zai zauna dishi-dishi. Idan aka ga ƙananan kumfar iska a cikin naman bangon, ko iska ta bi jijiya ta shiga hanta, ko ruwa ya taru da yawa a ciki tantani ya jiƙe ya kumbura, to hanjin ya mutu ko yana gab da mutuwa. Irin wannan ba a warware shi ta dubura. Warware mataccen hanji yana sakin dafin da ya taru ya shiga jini, bututun kuma na iya huda bangon da ya riga ya ruɓe. Buɗe ciki ake yi a yanke, sau da yawa a fito da bakin hanji ta jikin ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka na wasu watanni kafin a mayar.

Duk da haka, kada a ɗauka na'urar ba ta kuskure. Ana iya ganin ɗan nannaɗewar jijiyoyi a jikin wanda aka taɓa yi wa tiyata ba tare da hanjinsa ya shaƙe ba. Hanjin da ya fara mutuwa kuma yana iya fitowa kamar lafiyayye a awannin farko. Ruwan allurar yana iya wahalar da ƙodar wanda ya kwana uku yana amai jikinsa ya bushe, radiyeshon ɗinta kuma, wato hasken da take ratsa jiki da shi, ya kai kimanin ninki goma na eksiren ciki.

A nan ne nake ganin ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ƙa'idojin da ake rubutawa a ƙasashen da kowane sashen gaggawa ke da siti-sikan a ƙofa ta gaba suna cewa a yi wa kusan duk mai toshewar hanji, kuma a can daidai ne, don minti talatin ya isa. A wurinmu na'urar tana manyan birane ne, asibitocin koyarwa da cibiyoyi masu zaman kansu a irin su Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Mutumin da aka kawo daga ƙauye ya riga ya yi kwanaki a gida ana ba shi jiƙo da maganin wankin ciki, waɗanda ba abin da suke ƙara wa rufaffen hanji sai matsi. Idan aka ce masa ya je birni ya yi hoto, ana nufin a nemo mota, a kira dangi a haɗa kuɗi, a yi tafiyar awanni a kan hanya mai gargada, a jira wuta ko janareta, a jira mai karantawa, sannan a dawo. Kuɗin da aka kashe a hoton ma sau da yawa shi ne wanda za a sayi kayan tiyata da shi. Hanjin da yake da rai lokacin da aka rubuta takardar hoto zai iya mutuwa kafin sakamako ya iso.

Don haka hukuncin ba mai wuya ba ne, ko da yake yana buƙatar ƙarfin zuciya. Wanda cikinsa ya yi tauri kamar katako, taɓawa kaɗan ta sa shi ihu, zazzaɓi ya rufe shi, bugun zuciya ya yi sauri, jini ya sauka, ko aka sa yatsa a dubura aka ga baƙin jini, wannan jikinsa ya riga ya ba da amsar da ake nema a wurin na'ura. A ɗaura masa ruwa, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shiga da shi. Wanda eksirensa ya nuna sigmoyid sarai kuma babu waɗannan alamu, a gwada bututu. Idon likita a kan fatar cikin hanji shi ma hoto ne, in ya ga ta yi baƙi ya janye ya shirya fiɗa. Siti-sikan na wanda ke tsakiya ne, wanda hotonsa na farko bai fayyace ba kuma jikinsa zai iya jure jira, a wurin da jiran gajere ne.

Akwai wani nau'i da ya fi sauran saurin kisa, inda ƙarshen ƙaramin hanji ke naɗe gindin sigmoyid su ƙulle tare. An fi ba da rahotonsa daga gabashin Afirka da Turkiyya. Hotonsa yana rikitarwa, don ana ganin siffar sigmoyid tare da alamun toshewar ƙaramin hanji, bututu kuma ya ƙi wucewa. Idan mara lafiya ya fi hotonsa galabaita, wannan na cikin abin da za a kawo a rai. Mace mai juna biyu ita ma tana da nata haɗarin, domin mahaifa tana ture hanji daga mazauninsa, ga kumburi da amai ana ɗora su a kan cikin. Tsoron eksire ya sa ana jinkirta mata hoto, alhali hasken hoto ɗaya ko biyu bai kai ko kusa da haɗarin mataccen hanji ga uwa da ɗan da ke cikinta ba.

Jarirai kuwa nasu babi ne daban, kuma nan ne eksire ya fi yaudara. Tun ɗa yana 'yan makonni a mahaifa, hanjinsa ke yin wani juyi na digiri 270 kafin ya zauna a mazauninsa ya kafu. A wasu yaran juyin ba ya cika, sai kusan dukan ƙaramin hanji ya rataya a kan siririn gindi guda wanda babbar jijiyar da ke ciyar da shi ke bi ta ciki. Ranar da wannan gindi ya juya, ba lanƙwasa ɗaya ke cikin haɗari ba, hanjin da yaro zai rayu da shi ne gaba ɗaya. Mafi yawa suna bayyana a watan farko na haihuwa, kuma alamar ita ce amai kore, launin ganye, ba farin tumbuɗin nono ba. Cikin jaririn na iya zama a lafe, yana iya karɓar nono, eksirensa ma na iya fitowa babu wani abin tashin hankali. Iyaye su ji sanyi, a sallame su, washegari a dawo da yaro ciki ya kumbura, hanji ya yi baƙi.

Hoton da ke amsa tambayar a nan shi ne a ba jariri ruwan hoto ta baki ko ta robar hanci a bi saukarsa. A lafiyayyen yaro, farkon ƙaramin hanji yana tsallaka ƙashin baya zuwa hagu ya hau daidai tsayin mafitar tumbi. Idan ya tsaya a dama, ko ya gangara yana nannaɗewa kamar zaren kusa mai murɗi, an samu amsa. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, shi ma ya zama babban makami tun bayan da likitoci a Faransa suka bayyana alamarsa a 1992. A ƙa'ida jijiyar da ke mayar da jini daga hanji tana dama da mai kawowa. Idan suka sauya wuri akwai zargi, idan kuma aka ga mai mayarwar ta naɗe mai kawowa tana bin hannun agogo, murɗi ne. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin na'urar sikanin ta riga ta shiga garuruwan da siti-sikan bai kai ba, ba ta da radiyeshon, ana iya kawo ta bakin gado. Abin da ya rage shi ne hannun da ya iya. Mai sikanin da ya ƙware a auna kan ɗan tayi ba lallai ya san inda zai nemi waɗannan jijiyoyi biyu ba, kuma koyar da shi ya fi sayen sabuwar na'ura araha nesa ba kusa ba. Tiyatar da ake yi wa yaran, wadda William Ladd na Boston ya tsara a 1936, tana ceton hanji ƙwarai idan an zo da wuri.

A koma ga magidancin da aka warware wa sigmoyid ta dubura. Aikin hoto bai ƙare a kansa ba. Ana sake ɗaukar eksire a tabbatar lanƙwasan ya sace da gaske kuma babu iskar da ta tsere, robar kuma a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Shi a ganinsa ya warke: ciki ya lafe, ya yi bayan gida, yana neman kunu, dangi sun fara haɗa kaya. Amma doguwar sigmoyid da siririn gindinta suna nan yadda suke, kuma kusan rabi ko fiye na waɗanda aka sallama a haka suna dawowa da wani murɗin, wani lokaci da mataccen hanji. Shi ya sa likitocin fiɗa ke so a yanke sashen kafin a bar asibiti, bayan an wanke hanji jiki ya dawo, lokacin da za a iya ɗinke baki da baki ba tare da jaka ba. Shawo kan mutumin da ba ya jin ciwo ya yarda a buɗe masa ciki ba ƙaramin aiki ba ne. Yana taimakawa a ɗaga hoton farko a gaban haske, a kira shi da babban ɗansa ko ƙaninsa da ke riƙe da kuɗin magani, a nuna musu da yatsa inda lanƙwasan ya taso da inda ya kai, a gaya musu adadin kwanakin da zai yi a gado idan an yi yanzu da kuma abin da aikin zai zama idan aka jira murɗi na biyu.